Jigo, kura da ƙofa: kayan aikin da suka gina wasan kwaikwayon Girkawa da Rumawa

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen wasan kwaikwayo, aji uku. An ba rukuninmu Medea na Euripides mu shirya a ƙarshen zango, amma mun rabu gida biyu. Wasu sun ce mu hayo majigi da makirfo da injin hayaƙi. Wasu sun ce ai Girkawa ba su da komai sai baki da fili, don haka duk wanda ya kawo na'ura ya ɓata wasan. Shin da gaske ba su da na'urori? Rumawa fa? Kuma mu wanne ya kamata mu bi?"

Wa alaikumus salam 'yata. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani: ko mutanen da suna da na'urorin dandali, da kuma ko ya halatta ku kawo naku na zamani cikin wasan da ya haura shekara 2,400 a duniya. Amsar ta farko mai sauƙi ce. Suna da su, kuma wasan da aka ba ku ɗin nan ba ya ƙarewa sai da na'ura. Ta biyun ce ke buƙatar zama, domin kowane ɓangare a rukuninku ya riƙe wani abu na gaskiya ya saki wani. Abin da na daɗe ina gaya wa ɗalibaina shi ne, marubutan nan da kayan dandalinsu a ido suka yi rubutu. Kowane kaya yana da aikin da yake yi wa mai kallo. Wanda ya gane aikin, shi ne zai san abin da zai saya da abin da zai bari a shago.

Shekarun da zan kawo a zancen Girka da Rum duk kafin haihuwar Annabi Isa ne, alaihissalam, sai inda na bayyana. Da baya ake ƙirga su, wato 458 ta riga 431.

Rana, tudu da ƙofa ɗaya

A Atina ana yin wasannin ne a bikin Dionysus, ɗaya daga allolinsu, wajen watan Maris zuwa Afrilu, a gangaren kudu na dutsen Acropolis. Gasa ce. Marubuta uku na wasan alhini, kowa da ranarsa, kowa zai kawo wasa uku masu nauyi da na huɗu na raha. Mutane suna zaune a jikin tudu, a zamanin Euripides a kan bencinan katako, suna kallon fili a ƙasa inda 'yan amshi ke rawa da waƙa. Kujerun dutsen da kike gani a hoto daga baya aka yi su. Babu fitila, rana ce hasken. Wannan kaɗai ya shiga cikin rubutun: idan dare ne a labarin sai wani ya faɗa da bakinsa, idan wani na tahowa sai 'yan amshi su ce ga wane can tafe, fuskarsa a murtuke. Ɗalibai kan ɗauka surutu ne na banza su yanke. Wannan surutun shi ne fitilarsu, shi ne kyamararsu.

Bayan filin akwai ɗaki na katako da suke kira skene, asalin kalmar tana nufin tanti ko rumfa. A nan 'yan wasa ke canza kaya. Amma ranar da wani ya ce bari rumfar nan ta zama fadar sarki a cikin labarin, ranar wasan kwaikwayo ya sami abin da har yau bai sami wanda ya fi shi ba, wato ƙofa. Tun da akwai ƙofa, akwai ciki da waje, akwai abin da jama'a ke gani da abin da ake ƙullawa a ɓoye. Ke da kika tashi a gidan da ke da zaure ba sai an yi miki dogon bayani ba. Kin san bambancin maganar ƙofar gida da ta cikin gida, kin san wanda ke da ikon wuce zaure da wanda zai tsaya ya yi sallama.

Dubi Agamemnon na Aeschylus, wanda aka nuna a 458. Wasan ya buɗe da mai gadi a kan rufin wannan ɗaki yana jiran wutar da za a kunna daga tsauni zuwa tsauni ta kawo labarin faɗuwar Troy. Daga nan har ƙarshe, matar sarki Clytemnestra ce ke riƙe da ƙofar. Mijinta ya dawo daga yaƙin shekara goma, ta sa aka shimfiɗa masa yadudduka masu tsada daga keken dokinsa har bakin ƙofa, ta lallashe shi ya taka. Dubban mutane suna kallon wannan jan layi da ya miƙe zuwa baƙin rami, sun san wanda ya shiga ba zai fito da ƙafarsa ba. Can sai ihu daga ciki. Ƙofa ɗaya da yadi, ga abin da suka yi.

Kura da jigo

To idan an yi kisa a ciki, yaya za a nuna wa mutanen da ke can saman tudu? Ba za su hangi cikin ɗaki mai duhu ba. Sai aka yi wani faffaɗan katako mai ƙafafu, kamar kurar masu ruwa amma shimfiɗaɗɗiya, ana turo shi ta ƙofar ɗauke da gawa da wanda ya yi kisan. Sunansa ekkyklema. Mai kallo ya san ƙa'idar: abin da ke kan katakon nan har yanzu a cikin gida yake, cikin gidan ne aka juyo waje. Masana na saɓani kan ko an riga an fara amfani da shi a 458, amma a 425 ya zama sananne har Aristophanes, mai wasan barkwanci, ya sa an turo Euripides kansa a kai a wasansa Acharnians, wai yana cikin ɗaki yana rubutu ba shi da lokacin fitowa.

Na biyun shi ne mechane. Idan kin taɓa ganin jigo a lambu, dogon itace a kan gwafa, guga a gefe ɗaya, nauyi a ɗaya gefen, kin ga tushen abin. Nasu babba ne, an kafa shi a bayan ɗakin, yana ɗaga mutum sama ya shawagi da shi bisa rufi. Da shi ake kawo allolinsu da jarumai masu tashi. Babu zanensa da ya rage daga wancan ƙarni, daga cikin wasannin ne da rubutun mutanen baya aka san shi. Shaida mafi daɗi tana cikin wasan Aristophanes mai suna Peace, na 421, inda wani manomi ya hau ƙaton buzuzu zai je sama ya kai ƙarar yaƙi. Yana lilo a iska sai ya bar labarin ya yi wa mai jan na'urar magana kai tsaye, ya ce ya kula da shi don cikinsa ya fara juyawa. Daga nan mun san akwai ma'aikaci a ƙasa riƙe da igiya, mun san 'yan kallo suna ganin na'urar ƙuru-ƙuru, kuma ba wanda ya damu da a ɓoye ta.

Yanzu ga Medea ɗinku, 431. Ina so ki karanta ƙarshensa da waɗannan na'urori biyu a zuciya. An ji kukan yara daga ciki. Jason, mijin Medea, ya iso a guje, 'yan amshi sun gaya masa 'ya'yansa sun mutu a hannun uwarsu. Ya tsaya a ƙofa yana ihu a cire sakata, a buɗe ya ga gawarwakin. Duk wanda ke zaune a tudun nan ya san abin da ya saba biyo baya: ƙofa za ta buɗe, kura za ta fito da gawa. Idon kowa na ƙasa, a kan ƙofar. Sai murya ta fito daga sama. Medea ce a keken da kakanta Rana ya aiko mata, gawar yaran tare da ita, a wurin da alloli kaɗai ke tsayawa. Jason ya roƙa ta bar shi ko taɓa jikinsu ya yi, ta hana. Hannunsa ba ya kaiwa. Euripides ya yi wa mutanensa alkawarin na'ura ɗaya ya ba su wata, kuma duk firgicin wasan yana cikin wannan musanya. Matar da ta fara wasan tana kuka a cikin ɗaki, baƙuwa marar dangi a garin miji, ta ƙare a sama inda ba hukuncin da zai same ta. Aristotle, masanin falsafar Girka, bai so wannan ƙarshe ba, ya ce warwarar labari daga cikin labarin ya kamata ta fito, ya kawo Medea a matsayin misalin abin da bai dace ba. Daga irin wannan suka ne aka sami kalmar Latin deus ex machina, abin bauta daga na'ura, da ake faɗa wa duk labarin da aka kashe da dabarar da ta faɗo daga sama. Ina girmama Aristotle, amma a nan ban bi shi ba. Shi yana auna labarin a takarda. Wanda ya taɓa tsayawa a bayan 'yan kallo ya ga kawuna ɗari sun ɗaga sama lokaci guda ya san Euripides ya fi shi sanin dandali.

Fuska da murya

'Yan wasa masu magana uku ne kacal, duka maza. Aristotle ya ce Aeschylus ne ya ƙara na biyu, Sophocles ya ƙara na uku. Abin da ya sa mutum uku ke iya ɗaukar wasa mai mutum takwas ko goma shi ne fuskar wasa, wadda ake kifawa a kai ta rufe fuska da gashi gaba ɗaya. Da kaya marasa nauyi ake yin ta, irin su yadin lilin da aka sandarar, shi ya sa ko ɗaya ba ta kai zamaninmu ba, sai hotonta a jikin tukwane, kamar tulun Pronomos da ke gidan tarihi na Naples. Mutum ya shiga ɗaki a sarki ya fito a manzo. Wannan ma ya shiga rubutu: sau da yawa idan kika ga an kori wani daga dandali da wani ɗan dalili, marubucin na buƙatar ɗan wasan ne ya je ya canza fuska.

Za ki ji ana cewa bakin fuskar lasifika ne mai ƙara murya. Tsohuwar magana ce, amma fuskokin ƙarni na biyar da aka zana ba su da wannan wangamemen baki, na baya ne suke da shi. Abin da fuskar ke yi ya fi haka. Tana sa a gane mutum daga nesa, tsoho ne ko budurwa, kuma da yake ba ta motsi, dole baƙin ciki ya koma cikin kafaɗa da hannu da tafiya da lafazi. Na taɓa sa ɗalibai su yi fuskoki da ƙwarya da takarda da sitaci. Wata yarinya da kullum muryarta ke maƙalewa a wuya, tana kifa ƙwaryar sai ta daina wasa da gira da leɓe, ta juyo da ƙirjinta gaba ɗaya wajen mutane, muryar ta fito. Bayan minti ashirin muka cire mata, gumi ya jiƙa takardar har ta yi laushi. Tun ranar nake huda ƙananan ramuka a goshi da gefen kunne, kuma ba na bari a wuce rabin awa ba a sha iska ba.

Kiɗan kuwa na aulos ne, bututu biyu masu harshe da mutum ɗaya ke busawa tare, danginsu ɗaya da algaita wajen yadda ake samar da sauti. Wanda ya fassara shi da sarewa ya rage masa kaifi. 'Yan amshi 12 ne, daga baya 15, suna waƙa suna rawa da wannan busa.

Game da sauti, kowa Epidaurus yake ambata, dandalin dutse mai layin kujeru 55 da ke ɗaukar mutum wajen 14,000. Wani bincike da aka yi a Georgia Tech a 2007 ya nuna cewa jerin matakalan dutsen suna danne ƙananan sautuka irin na iska da gunaguni, suna barin na murya su wuce. A 2017 kuma masu bincike daga Eindhoven suka auna suka ga labarin da ake ba 'yan yawon buɗe ido, wai ana jin raɗa ko ƙyasta ashana sarai daga layin ƙarshe, an zuzuta shi. Murya mai ƙarfi ce ke kaiwa. Ki kuma riƙe cewa an gina Epidaurus a ƙarni na huɗu, bayan Euripides ya mutu. Shi da murya horarriya da gangaren tudu ya dogara.

Rum: lokacin da gini ya fi magana ƙarfi

Rumawa sun ɗauki wasan daga Girkawa, ana ƙirga farkonsa daga 240, da Livius Andronicus. Abin mamaki, duk zamanin Plautus da Terence, wato lokacin da aka rubuta mafi kyawun wasanninsu na barkwanci, birnin Rum ba shi da dandalin dutse. Na katako ake kafawa don biki a rushe bayansa, domin dattawan majalisa ba su yarda talakawa su sami wurin zama na dindindin da za su taru ba. Sai a 55 Pompey, babban kwamandan yaƙi, ya gina na farko, ya ɗora ɗakin bautar Venus, ɗaya daga allolinsu, a samansa don a ce kujerun matakalar wurin ibada ne.

Abin da Rumawa suka kawo shi ne kankare da ginin baka. Bagirke sai ya nemi tudu, Barume yana gina tudunsa a fili, baka bisa baka, da hanyoyin shiga a ƙarƙashin kujeru. Suka rage filin rawa ya koma rabin da'ira inda manya ke zama, suka ɗaga bangon bayan dandamali hawa biyu ko uku da ginshiƙai da gumaka. Irin wannan bango yana nan tsaye a Orange ta Faransa da Aspendos ta Turkiyya, kuma a nahiyarmu akwai na Sabratha a Libiya. Suna da labule, amma nasu ƙasa yake nutsewa cikin rami idan za a fara, a ɗago shi idan an gama. Suna jan rumfar yadi bisa kan jama'a saboda rana, har mawaƙi Lucretius ya kwatanta yadda launinta ke rina mutanen da ke ƙasa. Suna fesa ruwan za'afaran don ƙamshi da sanyi. Vitruvius, masanin gini, ya yi bayanin tukwanen tagulla da ake jerawa a ƙarƙashin kujeru don su taimaki sauti, da wasu ginshiƙai masu fuska uku da ake juyawa a canza wuri. Pliny ya ba da labarin wani Curio da ya gina dandali biyu na katako baya da baya, a yi wasa da safe, da yamma a juya su su haɗe su zama fagen 'yan takobi.

Me wannan ya yi wa wasan? Cicero, marubuci kuma ɗan siyasar Rum, ya halarci bikin buɗe dandalin Pompey, ya rubuta wa abokinsa cewa bai ga daɗin kallon alfadarai 600 a wasan Clytemnestra ba, ko manyan kwanuka 3,000 a wasan Dokin Troy. Ki lura, labarin gidan Agamemnon ne dai, wanda Aeschylus ya yi da ƙofa da yadi. Tun kafin nan Terence ya koka cewa sau biyu wasansa Hecyra yana watsewa, na farko saboda 'yan dambe da mai tafiya a kan igiya, na biyu saboda jita-jitar 'yan takobi. A zamanin sarakuna abin da ya cika manyan dandalin shi ne rawar mutum ɗaya marar magana, yana kwaikwayon labari da jiki, mawaƙa na rera masa. Wasannin alhini na Seneca, wanda ya mutu a shekara ta 65 bayan haihuwar Annabi Isa, har yau ana gardama ko don dandali ya rubuta su ko don karantawa a majalisi. A nasa Medea, a gaban mutane take kashe yaran. Ba na cewa na'ura ce ta kashe wasan Rumawa, siyasa da kuɗi da ɗanɗanon jama'a duk suna ciki. Amma darasin alfadaran nan ya shafi masu son injin hayaƙi a rukuninku.

Akwai wata fasahar da ba a cika tunawa da ita ba, wato rubutu. Sophocles ya yi wasa wajen 120, bakwai suka iso mu cikakku. Abin da aka kwafa daga takardar papyrus zuwa littafin fata ya tsira, abin da ba a kwafa ba ya tafi. Injin ɗab'i na Aldus a Venice ya buga Sophocles a 1502 da Euripides a 1503 bayan haihuwar Annabi Isa, daga nan suka bazu. Amma kalmomi kaɗai suka tsira. Kiɗa da rawa sun ɓace sai ɗan guntu, kuma marubutan ba su bar bayanin motsi ba. Duk inda kika ga an rubuta "ta fita tana kuka" a fassararku, mai fassara ne ya sa. Kina da ikon ki saɓa masa.

Zamanin fitila da kyamara

Da Turawa suka dawo da wasannin, sai suka shigar da su ɗaki. A 1585 aka buɗe Teatro Olimpico a Vicenza da wasan Oedipus, gini mai rufi da aka yi bisa fasalin dandalin Rumawa, ana haska shi da fitilun mai. A 1881 gidan wasa na Savoy a Landan ya koma lantarki gaba ɗaya. A ganina wannan ne canji mafi girma, ya fi majigi, ya fi komai: aka sa 'yan kallo cikin duhu, 'yan wasa cikin haske. Mutumin Atina yana ganin maƙwabcinsa, yana ganin manyan gari a layin gaba, yana ganin birninsa a bayan dandali. Idan 'yan amshi suka yi maganar gari, garin na zaune yana kallon kansa. Mai kallo a duhu shi kaɗai ne da zuciyarsa.

Tun daga nan masu shiryawa suka kasu kamar yadda kuka kasu. Wasu suka koma fili: Syracuse ta fara a 1914, Delphi a 1927, Epidaurus a 1938. Peter Hall ya yi Oresteia, jerin wasa uku na Aeschylus da Agamemnon ke farkonsu, a Landan a 1981 da fuskoki da maza zalla, a zauren Olivier wanda da ma Epidaurus aka kwaikwaya wajen gina shi. Wasu suka rungumi na'ura. Simon Stone ya sake rubuta Medea a Amsterdam a 2014, farin dandali fetal, kyamara na ɗauko fuskoki tana haskawa a babban allo, baƙin toka na zubowa daga sama. Milo Rau ya haɗa 'yan wasa a Turai da hotunan da aka ɗauka a Mosul ta Iraƙi a 2019. A Yulin 2020, lokacin korona, aka watsa Persians na Aeschylus kai tsaye ta intanet daga Epidaurus. A nan gida Ola Rotimi ya mayar da labarin Oedipus ƙasar Yarbawa a Ife a 1968, da ganguna da waƙa, kuma a Zariya an gina wa Jami'ar Ahmadu Bello dandali na ginin laka a shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe, fili a tsakiya da ɗakuna kewaye. Wannan fasali ya fi kusa da Atina fiye da yawancin zaurukan da ke da labulen karan-miski.

Ra'ayina kan kyamara da makirfo shi ne, su kishiyar fuskar wasa ne. Fuskar tana tura mutum waje, ga jama'a. Kyamara tana jawo shi ciki, ga ƙwayar ido da rawar leɓe. Idan kika manna wa Medea makirfo a kumatu ta yi raɗa, kin sami mace mai ciwon zuciya a ɗakinta, kuma wannan wasa ne mai kyau, Stone ya nuna haka. Amma kin rasa matar da ta fito ƙofar gida ta tsaya gaban matan Koranti, garin da labarin ke faruwa, tana kai ƙarar halin da mata ke ciki, har ta ce gara ta tsaya a fagen yaƙi sau uku da ta haihu sau ɗaya. Wannan magana ta dandali ce, a bainar jama'a aka yi ta. Zaɓi ne, ku yi shi da sani.

Abin da zan yi da ni ne ku

Ban ga zaurenku ba, kuma aikina duk da ɗalibai ne da ƙaramin kuɗi, ban taɓa riƙe manyan na'urorin da na ambata a sama ba. Amma ga abin da na gani. Wata shekara muna shirin Antigone a zaure, mun ƙona rabin kuɗinmu a hayar fitilu, ranar gwajin ƙarshe wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi. Dole muka fito tsakar fili washegari bayan la'asar, muka jingina da bangon wani ɗaki mai ƙofar katako. Da Creon, sarkin da ke cikin wasan, ya fara faɗa, na ga wani dattijo a cikin 'yan kallo ya juya ya dubi na kusa da shi ya girgiza kai, na kusan ya mayar masa. A duhu wannan ba zai faru ba. Mun turo gawa a kan kura da muka ara. A gwaji ƙafarta ta yi ƙara har yara suka yi dariya, sai muka shafa mata man inji, muka shimfiɗa baƙin yadi har ƙasa, mutum biyu suka turo ta a hankali kamar masu rakiya. Fili ya yi tsit har ana jin kukan kurciya.

Don haka ku fara da neman ƙofa ta gaske, mai nauyi, mai sakata da ake jin ƙararta. Kukan yaran ya fito daga bayanta da muryar mutum, kada ku sa shi a lasifika, domin kunne na gane inda sauti ya fito, kuma tsoron yana cikin sanin cewa bayan katakon nan ne. Idan za ku yi a zaure, ku bar ɗan haske a kan 'yan kallo. Makirfo, idan wurin bai wuce mutum ɗari uku ba, ku bar shi ku horar da murya. Idan dole ne, ku rataya biyu ko uku a sama su ɗauki kowa, domin ba abin da ke kashe 'yan amshi kamar a ji mutum biyu cikin goma sha biyu. Hayaƙi ban ga aikin da zai yi muku ba, sai tari.

Majigi kuwa yana da wuri ɗaya da zan yarda da shi, ƙarshen wasan. Aikin jigon Euripides uku ne: ya ɗauke ido daga ƙofa ba zato, ya sa Medea inda hannu ba ya kaiwa, ya ba ta matsayin da ya fi na mutum. Idan kuka haska fuskarta ƙatuwa a saman bango, Jason ƙarami a ƙasa yana miƙa hannu ga hoton da ba ya taɓuwa, kun yi duka ukun. Sai dai ku gwada shi sau goma, ku tanadi abin yi idan wuta ta ɗauke. Idan akwai bene ko rufin soro mai matakala a bayan wurin, ni shi zan zaɓa: ta hau a ɓoye lokacin da Jason ke dukan ƙofa, fitila ɗaya ta kama ta daga ƙasa, 'yan tsana biyu naɗe da zane a hannunta. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne ku ɗaura wa 'yar mutane igiya ku ja ta sama. Wanda ke jan igiyar a Atina sana'arsa ke nan, ku kuwa ba ku da shi.

Ki kai wa 'yan rukuninku shafukan ƙarshen nan, daga shigowar Jason, ku karanta a tsaye a wurin da za ku yi wasan, mutum ɗaya a ƙofa, ɗaya a kan tebur ko matakala. Ki rubuto mini faɗin wurin da tsayin rufinsa da yawan mutanen da kuke sa rai, sai mu duba inda fitilar za ta zauna. Allah Ya ba da sa'a.